Tayin Gida a Lokacin da Kasuwa ke Gangara



Yau gida za mu taya. Amma ba a lokacin da kasuwa ke ci ba, lokacin da mutum uku ke rububin gida ɗaya, mai gida yana kishingiɗe yana ta cewa albarka. Lokacin da kasuwa ta juya baya nake nufi, dillalai sun gaji da kai mutane duba gida, mai gida ya fara kiran waya da kansa yana tambaya ko wancan Alhajin ya sake magana. A irin wannan lokaci mai saye yana da ƙarfi, sai dai galibi bai san iyakar ƙarfinsa ba. Wani ya ji kunya ya taya da tsada, wani kuma ya ga banza ta faɗi ya yi tayin wulaƙanci, ciniki ya watse.

Mu fara da Amurka, domin a can aka ga faɗuwar da aka ƙididdige ta wata-wata. Akwai wani ma'aunin farashin gidaje da masana tattalin arziki biyu, Karl Case da Robert Shiller, suka ƙirƙiro, wanda ke bin gida ɗaya ya ga nawa aka sayar da shi a da, nawa aka sake sayar da shi daga baya. Bisa wannan ma'auni, farashin gidaje a Amurka ya kai ƙololuwa a tsakiyar 2006, daga nan ya kama gangara, bai tsaya ba sai farkon 2012, bayan ya zubar da wajen kashi 27 cikin 100 na darajarsa. Wannan lissafin ƙasar ne baki ɗaya. A birnin Las Vegas faɗuwar ta kai wajen kashi 60 cikin 100, a Phoenix ta haura rabi. Sanadin kuwa sananne ne: bankuna sun yi ta rabon bashin sayen gida ga waɗanda ba su da halin biya, bisa tunanin cewa gida ba ya faɗuwa. Da biyan ya gagara, aka fara ƙwace gidaje ana zuba su kasuwa, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba na 2008, bashi ya ƙafe, masu saye suka ɓace. An kai lokacin da wajen gidaje miliyan 11, kusan ɗaya cikin huɗu na gidajen da ke da bashi a kansu, bashin da ake bin masu su ya fi kuɗin gidan yawa.

To, me mai saye ya tarar in ya shiga wannan kasuwa? Ya tarar da masu gidaje suna faɗin farashin shekaranjiya. Wannan ita ce magana ta farko da nake so mai sauraro ya riƙe: kuɗin da mai gida ya faɗa labarin abin da ke ransa ne, ba labarin kasuwa ba. Wasu masana biyu, David Genesove da Christopher Mayer, sun bi diddigin cinikin gidaje a tsakiyar birnin Boston a shekarun 1990, suka buga sakamakon a 2001. Abin da suka gano shi ne, mutumin da ya sayi gida da tsada, wanda in ya sayar a farashin yau zai yi asara, yakan sa kuɗi sama da na maƙwabcinsa mai irin gidansa wanda ya saya da araha tun da daɗewa. Yakan ɗora kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na asarar da yake hange a kan farashin. Wani lokaci taurin kan yana ɗan biya, ya sami ƙari kaɗan, amma gidansa ya fi daɗewa ba a saya ba. Gida iri ɗaya, layi ɗaya, kuɗi daban, don kawai ɗaya yana jin zafin abin da ya kashe.

Ba sai an je Boston ba kafin a ji wannan. Duk wanda ya taɓa zama a zauren ciniki ya ji mai gida yana cewa, "Ai ni abin da na kashe a ginin nan kaɗai ya fi abin da ka taya." Yana iya zama gaskiya ya faɗa. Amma kasuwa ba ta biyan abin da mutum ya kashe. Tayal ɗin da ya zaɓo daga waje, da ƙofar da ya sa aka ƙera masa ta musamman, daɗinsu ya riga ya ji. Kai abin da za ka tambaya shi ne, gidaje masu kama da wannan a unguwar nan, waɗanda ciniki ya faɗa a kansu aka biya kuɗi cikin wata uku da suka wuce, nawa aka sayar da su? Waɗanda aka sayar, ba waɗanda ake nema wa mai saye ba. A kasuwa mai gangara, cinikin bara ma ya tsufa. In an sayar da irinsa wata shida baya, kuma tun daga nan farashi ke sauka, to tayinka ya kamata ya zauna ƙasa da wancan, domin kai ne za ka ɗauki sauran gangarar da ba a kai ƙarshenta ba.

Ƙarshen gangarar kuwa, babu wanda ya san shi sai ya wuce. A 2009 gwamnatin Obama ta yi wa masu sayen gidan farko rangwamen haraji na dala 8,000, da sharaɗin a ƙulla ciniki kafin ƙarshen watan Afrilu na 2010. Mutane suka yi ca, farashi ya ɗan ɗaga kai, aka ce ai an kai ƙasa, wanda bai saya yanzu ba ya makara. Da rangwamen ya ƙare, farashi ya sake sulalewa, ya wuce inda ya tsaya a baya. A wasu garuruwan, abin da gidan ya rasa cikin shekara biyu ya fi dala 8,000 ɗin da aka yi rububi dominta. A ɗaya ɓangaren kuma, waɗanda suka ce sai sun ga ƙasan da idonsu, da yawa sun farga ne bayan manyan kamfanonin zuba jari sun shigo da tsabar kuɗi a 2012 suna kwashe gidajen da bankuna suka ƙwace. Farashin gidaje a Amurka baki ɗaya bai koma inda yake a 2006 ba sai wajen ƙarshen 2016. Shekara goma ke nan. A Ayilan farashi ya faɗi da wajen rabi tsakanin 2007 da 2013. A Japan kuwa, bayan 1991, farashin filaye ya yi fiye da shekara goma yana sauka.

Saboda haka ni ban ga amfanin tambayar ko an kai ƙasa ba. Tambayar da ta fi ita ce, shekara nawa za ka yi a gidan? Magidancin da ke neman inda zai ajiye iyali shekara goma sha biyar ko ashirin, in ya saya da kuɗinsa, ba bashi a wuyansa, saukar shekara biyu ba za ta taɓa barcinsa ba. Amma ma'aikacin da ake iya yi wa sauyin wurin aiki baɗi, ko ɗan kasuwar da zai zare jarinsa ya binne a gida da niyyar juyawa nan da wata takwas, wannan ya yi haƙuri ya ci gaba da biyan haya.

Na san wani yana sauraro yana cewa, Malam, wannan zancen Turawa ne, mu nan gida ba ya faɗuwa. Ƙasa ai ba ta ruɓewa. Mu yi lissafi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, aka saki naira a watan Yuni, zuwa ƙarshen 2024 dala tana wajen naira 1,600, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na shekarar. A ce mutum yana da gidan naira miliyan 30 a farkon 2023, wato dala 40,000. A ƙarshen 2024 ya sayar da shi miliyan 45, ya yi ta murna ya ci ribar miliyan 15. In ya kai kuɗin kasuwar canji ta Wapa ya canza, abin da zai samu bai wuce dala 28,000 da 'yan kai ba. Ya yi asarar wajen kashi 30 cikin 100, kwatankwacin abin da ya girgiza Amurka, amma shi ko a jikinsa, domin lambar da ke kan takarda ta ƙaru. Haka tamu kasuwar take faɗuwa: lamba tana hawa, daraja tana zubewa, gidaje suna daɗewa a hannun dillalai. Alamarta ba a farashi ake gani ba, a tsawon zaman gida ba mai saye ake gani.

Sai dai a yi wa mai gida adalci. Siminti da rodi da kwano duk sun yi tashin gwauron zabo a wannan tsakanin, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. In mai gida ya ce maka je ka gina irinsa ka gani, yana da hujja. Don haka kafin ka buɗe baki, ka yi awo biyu. Ka nemi magini da ka yarda da shi ya ƙiyasta maka kuɗin fili a unguwar da kuɗin gina irin gidan yau, sannan a cire tsufa da gyaran da yake buƙata. Sannan ka tambayi nawa ake biyan hayar irinsa a shekara, ka ga shekara nawa haya za ta yi kafin ta mayar da kuɗin. In ka ga sai an yi shekara talatin ko fiye, to ko dai unguwar suna ake saye a cikinta, ko kuma kuɗin da aka faɗa mafarki ne.

Babbar matsalarmu ita ce ba mu da inda za mu duba. A Amurka kuɗin da aka sayar da gida yana shiga rajista a yawancin jihohi, kowa ya gani. Mu nan, labarin yana bakin dillali da mai unguwa da shaidun da suka sa hannu. Dillali kuwa la'adarsa kaso ce daga cinikin, kuma sau da yawa ba shi kaɗai ba ne, dillali ne ya ji daga dillali, kowa ya ɗora nasa, har gidan da mai shi ya ce miliyan 38 ya iso kunnenka yana 45. Ka nemi zama da mai gidan ko wakilinsa na gaskiya ido da ido. Ba raini ba ne ga dillali, haƙƙinsa yana nan. Hasali ma, in kasuwa ta yi sanyi, dillali ya fi kowa son ciniki ya faɗa, domin la'adar miliyan 36 da ta shiga aljihu ta fi ta miliyan 45 da ba ta zo ba. In ya tabbatar kuɗinka a hannu suke, shi da kansa zai koma ya ce wa mai gida, "Alhaji, ka dubi Allah ka sallama, irin wannan mai sayen ba kullum ake samu ba."

Za kuma ka ji an ce maka, "Wallahi jiya ma wani ya taya miliyan 42, aka hana shi." Kar ka yi gardama, kar ka ƙaryata kowa. Ka ce Allah ya sa albarka, in wancan ya dawo a ba shi. In da gaske akwai shi, kuma sun riga sun karkata ga juna da mai gida, to dama shari'a ta hana ka shiga cinikin ɗan'uwanka. In kuwa babu shi, an ƙirƙiro shi ne don a zuga ka, wannan shi ne najashu da malaman fiƙihu ke magana a kai, wato tayin ƙarya don a ɗaga farashi, kuma haramun ne. Ko ta wace fuska, naka shi ne ka tsaya a kan lissafinka.

Yadda ake faɗin tayi yana da nauyi kusan kamar kuɗin kansa. Gida ba akuya ba ne da za a yi ta duba haƙoranta a gaban mai ita. Mutumin nan a nan ya yi aure, a nan aka yi sunan 'ya'yansa. In ka shiga kana yatsina fuska, kana cewa wannan ai kango ne, ka rufe ƙofar ragi da hannunka, domin yanzu mutuncinsa yake karewa. Ka yaba abin yabawa. Sannan ka faɗi kuɗinka tare da dalili: gida kaza a bayan layin nan an sayar da shi kaza wata biyu da suka wuce, rufin nan sai an sauya, shadda sai an sake haƙawa, magini ya ce gyaran zai ci kaza, saboda haka ga abin da zan iya. Tayin da ke da dalili ana iya tattauna shi. Ka bar wa kanka ɗan wurin ƙari, domin babu mai gidan da ke son a ce an taya sau ɗaya ya sallama, amma tun a gida ka yanke iyakar da ba za ka haura ba, ka faɗa wa wani naka da zai riƙe ka in zuciya ta ɗebe ka. Ka kuma sa wa tayin wa'adi, kwana bakwai ko goma. Tayin da ba wa'adi, yawo za a yi da shi ana nuna wa wasu.

A Amurka tayi a rubuce ake yin sa, da sharuɗɗa. Mai saye yana ajiye ɗan kuɗi a hannun wani amintacce na tsakiya, ya rubuta cewa in mai duba gini ya gano aibu babba, ko mai ƙiyasin banki ya ce gidan bai kai kuɗin ba, ko bashin bai fito ba, zai janye a mayar masa da ajiyarsa. Lokacin da kasuwa ke ci, masu saye kan yafe waɗannan sharuɗɗa don su riga wasu. In ta faɗi, babu dalilin yafe ko ɗaya. Mu namu shi ne kafin alƙalami, kuma a nan rigima ta fi yawa, domin akan bayar da shi a tsaye a ƙofar gida, ba takarda. A rubuta: nawa aka bayar, ranar cika sauran, da abin da zai faru in aka tarar da matsala a takardu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ba a yarda da cinikin da aka shardanta cewa mai sayarwa zai cinye kafin alƙalami in an fasa ba, ko da yake Hambaliyya sun halatta. A tambayi malami, a kuma sa lauya ya rubuta, kuɗinsa bai kai na shari'ar shekara biyar ba.

Takardu kuwa, a kasuwa mai sanyi ne ya kamata a fi tsananta bincikensu, domin gida mai matsala a cikin masu araha yake ɓuya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma sauya mallakar fili mai takardar shaidar mallaka yana buƙatar amincewarsa. A je ofishin rajistar filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a duba sunan wa ke kan fayil, a ga ko an jinginar da gidan a banki, ko yana kan hanya ko magudanar ruwa. Wanda ya ga rushe-rushen da aka yi a Kano a 2023 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. In gidan gado ne, kuma da yawan gidajen da ke fitowa da araha na gado ne, a tabbatar duk magada sun yarda, har da 'yar'uwar da ke aure a wani gari wadda ba a cika tunawa da ita ba sai ta bayyana a kotu. In rabon ɗaya daga cikinsu za ka saya a gidan da ba a raba ba, ka sani sauran suna da haƙƙin shufu'a, suna iya biyan ka kuɗinka su karɓe. Sannan ka zagaya unguwar ba tare da dillali ba, ka tambayi mai shago da mai shayi yadda layin yake a watan Agusta. Gida da rani duk lafiyayye ne.

Gidan da ba a gina ba tukuna, wanda kamfani ke tallarsa a hoto da ragi mai daɗi, wannan a taƙaice zan faɗa: a lokacin faɗuwa, ka bar shi. Kamfanin Evergrande na ƙasar Sin ya kasa biyan bashi a ƙarshen 2021, da nauyin da ya haura dala biliyan 300, kuma a 2022 masu saye a garuruwa da dama na ƙasar sun daina biyan bankuna saboda gidajen da suka biya wa kuɗi sun tsaya ba a gama ba. Mai gini da kuɗin sababbin masu saye yake ƙarasa ginin na baya. In sababbin suka daina zuwa, kai da ka riga ka biya kai ne za ka yi gadin kango.

Saura mutumin da dole ta sa shi sayarwa. Mun ga irinsa a ƙasar nan. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, mutane da yawa sun bar unguwannin da suka yi shekaru a ciki, wasu suka yi musayar gidaje, wasu suka sayar a kan abin da ya samu. Yau ma akwai mai majinyaci a asibiti, da wanda bashi ya shaƙe, da wanda ake neman kuɗin fansar ɗan'uwansa. Duk dabarun da na lissafa suna aiki a kan wannan mutum fiye da kowa, shi ya sa nake cewa a yi hattara. Biyan farashin yau, ko da ya yi ƙasa da na bara, ba zalunci ba ne, kasuwa ce ta kawo. Amma ka san gida ya kai miliyan 30 a yau ɗin nan, ka taya 18 don ka ji labarin an ba shi wa'adin kwana uku, wannan ba iya ciniki ba ne, kuma malamai sun yi maganganu masu nauyi a kan sayen kayan wanda ke cikin matsi. Irin wannan ciniki ma bai cika zama lafiya ba, 'ya'ya sukan taso su tayar da shi.

Kuma sau da yawa abin da mai matsi yake nema ba ƙarin kuɗi ba ne kaɗai. Yana son a biya shi gaba ɗaya a rana ɗaya, ba a yi ta ja masa rai da cikon wata uku ba. Yana son a bar iyalinsa a gidan zuwa ƙarshen zangon karatu, ko zuwa bayan salla, kafin su tashi. Yana son a yi abin cikin sirri, ba a kwaso 'yan kallo ana leƙa ɗakunan matansa ba. Waɗannan duk ba su rage maka komai a aljihu, kuma mai gida yakan sauko da farashi dominsu fiye da yadda zai sauko don an kushe masa rufi. In za a bar su su zauna, a sa ranar tashi a cikin takardar ciniki, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya sani.